Mu Huɗu a Ƙasar Indiya

Tun ran da muka komo daga ƙasar Indiya, 'yan'uwa da yawa su kan tare ni a bakin majami'a su ce, "Malam, ashe malamin makaranta ma ya kan hau jirgin sama ya tafi yawon buɗe ido? Ina ka sami kuɗi?" Na kan yi dariya in ba su labarin teku da jirgin ƙasa da abinci. Amma akwai wani sashe na labarin da na daɗe ina ɓoyewa saboda kunya. Yanzu na nemi izinin wanda abin ya shafa, ya kuwa yarda, don haka zan faɗi duka, mai daɗi da marar daɗi.

Mu huɗu ne muka yi tafiyar, dukanmu abokai tun muna yara. Ba zan faɗi sunayensu ba, zan kira kowa da abin da mu ke kiransa. Akwai Likita, wanda ke aiki a ɗakin shan magani na garinmu. Akwai Mai Hatsi, wanda ke sayar da masara da dawa. Akwai Tela. Sai ni, da aka ɗora wa riƙon kuɗi domin wai na fi su iya lissafi.

Dalilin tafiyar kuwa wani tsohon malaminmu ne. Manya za su tuna yadda malamai 'yan Indiya suka cika makarantun sakandare na Arewa a shekarun 1970 da 1980, suna koyar da lissafi da kimiyya. Da yawansu mutanen jihar Kerala ne, masu bi kuma. Malaminmu yana cikin na ƙarshe da suka rage. Shi ya koya mana lissafi, ranar Lahadi kuma a majami'armu ya ke sujada, har ya iya Hausa daidai gwargwado. A shekarar 2014 muka gamu da ɗansa a Facebook, ya ce tsohon yana nan da rai, yana ta tambayar yaransa na Nijeriya. A nan ne shawara ta tashi, cewa mu je mu gaishe shi, mu kuma ga ƙasar da mu ka saba gani a fim tun muna ƙanana.

Muka buɗe asusu a watan Janairu na 2015, kowa naira 10,000 a wata. A wurina wannan kuɗi ne mai nauyi, sai da na haɗa da abin da gonar masara ta kawo. Uwargidana da fari ba ta yi murna ba. Muka zauna muka yi addu'a, muka kuma yi alkawari uku: ba za a taɓa kuɗin makarantar yara ba, ba za a rage zakka da baiko ba, ba za a ci bashi ba. Mun yi niyyar tafiya bayan shekara uku, sai darajar naira ta faɗi a 2016, kuɗin jirgi ya tashi, dole muka ƙara kusan shekara guda.

Ana nan a 2017 aka yi wa matar Tela aiki a asibiti. Wata bakwai bai iya zuba kome ba. Da lokacin sayen tikiti ya yi, ya ce mu tafi mu uku. Likita da Mai Hatsi suka ce sam, tare aka fara, tare za a gama, sai dai a rage kuɗin ci da kwana. Ni ma na ce na yarda. Amma da na koma gida na ɗauko littafin asusu, na rubuta naira 70,000 da jan biro a gaban sunansa, na ja layi biyu a ƙasa. Da bakina na yarda, zuciyata kuwa tana ta ƙorafi, gama saboda shi ne kuɗin da muka tsara wa kowa a yini ya sauko daga rufi 1,000 zuwa wajen 750. A lokacin rufi ɗaya na Indiya ya kusa naira biyar.

Muka sami biza a Abuja, aka duba katin allurar shawara da takardar maganin shan-inna, muka tashi ran 17 ga Disamba, 2018. Jirgi ya sauke mu a Adis Ababa, wani ya kai mu Mumbai, birnin da iyayenmu suka sani da Bambai. Agogonsu ya riga namu da awa huɗu da rabi, har Mai Hatsi ya ce bai taɓa jin ƙasar da ke lissafi da rabin awa ba.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ban taɓa ganin taron mutane kamar na tashar jirgin ƙasa ta Mumbai da safe ba. Jirgi bai gama tsayawa ba mutane sun fara dira, wasu na ta kutsawa. Babbar tashar kanta, wadda Turawan Ingila suka gina tun kafin 1890, ka ce wata babbar majami'a ce. Mun je wata doguwar ƙofa ta dutse a bakin teku, wadda aka gina domin tunawa da zuwan Sarki Joji na Biyar a 1911. Ta nan ne kuma sojan Ingila na ƙarshe suka fita a 1948, bayan ƙasar ta sami mulkin kai. Da yamma mu kan zauna a kan katangar bakin teku tare da dubban mutane, a sha iska kyauta. A unguwannin bayan gari kuwa ga keke mai ƙafa uku ko'ina, irin namu sak, gama daga can a ke kawo mana shi. Ga bishiyar darbejiya da mangwaro, waɗanda asalinsu ma daga wannan yanki ne.

Ba kome ne ya yi daɗi ba. Gidajen baƙi biyu masu araha sun ce akwai ɗaki, da suka ga koren fasfo sai suka ce ya cika. Abin ya yi mana zafi, amma mun san wasu 'yan ƙasarmu ne suka ɓata mana suna. A na uku muka sami ɗaki ɗaya mai gado huɗu. Abinci kuwa, muka gane cewa inda ma'aikata da direbobi ke ci, nan ne araha da ƙoshi. A kan kawo faranti babba da shinkafa, da miyar wake, da ganye iri iri, da nono, a ci da hannu kamar a gida.

Daga Mumbai muka shiga jirgin ƙasa na dare zuwa Gowa. Ɗan malaminmu ne ya saya mana dukan tikitocin tun da wuri, gama a lokacin Kirsimati ba a samun wuri. Mun hau taragon talakawa mai gadaje hawa uku, da fanka a sama, da tagogi masu sandunan ƙarfe. Masu shayi suna ta wucewa suna kira, ƙaramin kofi rufi goma. Wannan hanyar dogo ta gefen teku a 1998 aka gama ta, ta ratsa duwatsu ta ramuka wajen 90, ta haye gadoji kusan 2,000. Duk doguwar tafiyar da muka yi a jirgin ƙasa, daga farko har ƙarshe, ba ta ci wa mutum ɗaya rufi 2,500 ba. Na tuna dogonmu na gida, na yi shiru.

Gowa ƙasa ce da Turawan Fotugal suka riƙe daga 1510 har 1961. Mun ga manyan majami'unsu na dā, har da wadda aka ajiye gawar Faransis Zabiya, ɗan mishan ɗin Katolika da ya rasu a 1552. Amma lokacin biki ne, baƙi sun cika gari, kuɗin ɗaki ya ninka. Kowane dare ina buɗe littafi ina lissafi, raina yana ɓaci.

A rana ta biyu muka je bakin teku a Kolba. Yashi fari, itatuwan kwakwa jere, masunta na jan taru, shanu kuma suna kwance a cikin mutane ba mai korarsu. Tela da Mai Hatsi ba su taɓa ganin teku kusa haka ba. Suka naɗe wando suka shiga har gwiwa suna ihu kamar yara. Da azahar na ba Tela rufi 500 ya sayo mana burodi da ayaba, ya kawo canji. Sai ga shi ya dawo da gasasshen kifi babba a cikin takarda, fuskarsa cike da murna, ya ce, "Jama'a, a zo bakin teku a koma ba a ci kifi ba? Rufi 400 kaɗai."

Ya ku masu karatu, ga abin da ya fito daga bakina a gaban abokanmu: "Mai bashin wata bakwai ba shi ne zai zaɓa mana abinci ba."

Wuri ya yi tsit. Likita ya ce, "Haba, Malam!" Tela bai ce kome ba. Ya ajiye kifin a gabanmu, ya miƙo mini canji, ya koma gefe ya zauna yana duban ruwa. Kifin nan ba wanda ya ji daɗinsa. Daga ran nan Tela bai ƙara cin abin da aka saya da kuɗin asusu ba. In mun shiga gidan abinci sai ya ce ba ya jin yunwa, daga baya in gan shi yana cin biskit da ya saya da ɗan guzurin da matarsa ta ba shi. Da dare mu kan yi addu'a tare kamar yadda muka saba, ni ne ma mai karanta Littafi. Na san abin da Afisawa sura 4 ta ce game da fushi da faɗuwar rana. Na koya wa yara wannan aya ba sau ɗaya ba. Amma na ce a raina, ai gaskiya na faɗa, lissafi ba ya ƙarya.

Haka muka isa Kerala ran Lahadi, 23 ga wata. A watan Agusta na shekarar an yi ambaliya mai tsanani a jihar, mutane fiye da 400 suka rasu, muna kuwa ganin shaidar ruwa a jikin wasu gidaje. Malaminmu yana zaune a wani ƙauye kusa da Kottayam, cikin gonakin roba da kwakwa. Ya tsufa, yana dogara sanda, amma da ya gan mu sai ya ɗaga hannu ya ce da Hausa, "Sannunku da zuwa, yarana!" Dukanmu sai da muka yi hawaye. Matarsa ta dafa mana rogo da miyar kifi mai yaji, Mai Hatsi ya ce yau dai ya zo gida.

A Indiya duka masu bi ba su kai uku cikin ɗari ba, amma a Kerala sun kusa kashi ɗaya cikin biyar, bisa ga ƙidayar 2011. Suna riƙe da labarin da suka gada daga kakanninsu, cewa Manzo Toma ne ya kawo musu bishara a shekara ta 52. Littafi Mai Tsarki bai ba da wannan labari ba, amma tabbas ne akwai ikilisiya a can ɗaruruwan shekaru kafin Turawa su iso. Kowane gida ya rataye babban tauraro na takarda da fitila a ciki. Ran Kirsimati tun da asuba muka tafi sujada, aka tuɓe takalma a ƙofa, maza gefe ɗaya, mata gefe ɗaya da lulluɓi. Ba mu ji harshen ba, sai Amin da Halleluya. Malam ya kuma kai mu Kottayam muka ga kwalejin da 'yan mishan na CMS suka kafa a 1817. A garin ne aka buga Littafi Mai Tsarki duka da harshensu a 1841. Na gaya masa namu na Hausa sai 1932 ya fito, kuma 'yan CMS na ƙasar Zazzau suna cikin waɗanda suka yi aikin.

Ni kuwa akwai wata magana da na ɗauko tun daga gida. A 1996, sa'ad da za mu rubuta jarrabawar ƙarshe ta sakandare, mahaifina ba shi da kuɗin rajista. Har na fid da rai, sai Malam ya kira ni ya ce an biya. Ba domin wannan ba, da ban zama malami ba. Daren Kirsimati, da muka rage mu biyu a baranda, na durƙusa na ce, "Baba, na zo ne musamman in yi maka godiya saboda kuɗin jarrabawata."

Ya daɗe yana dubana, sa'an nan ya ce, "Ɗana, tashi. Rabi ne nawa. A lokacin albashinmu ma ba ya zuwa a kan kari. Sauran rabin, wannan yaron ne ya kawo, mai ɗinki. Ya zo gidana da dare da kuɗi a ɗaure cikin ƙyalle. Ya ce tun da shi bai samu ya gama ba, to kai ka gama. Ya roƙe ni kada in faɗa maka. Na riƙe shekara 22, amma na tsufa, ba na so in tafi da godiyar da ba tawa ba ce."

Tela ya bar makaranta a aji uku ne bayan rasuwar mahaifinsa, ya shiga koyon ɗinki. A 1996 ɗan abin da ya ke samu na gyaran tsofaffin riguna ne da sa maɓalli. Nawa ne zai tara kafin ya kai rabin kuɗin jarrabawa? Daren nan ban runtsa ba. Na tuna misalin da Ubangiji ya bayar a Matiyu sura 18, na bawan da aka yafe wa babban bashi, ya fita ya shaƙe ɗan'uwansa saboda ƙaramin abu. Sau nawa na koyar da shi a makarantar Lahadi, ina ta mamakin mugun halin bawan nan?

Za ku ce da gari ya waye na je na roƙi gafara. Ban je ba. Girman kai ya riƙe ni kwana uku cur. Muka je Koci, muka haye ruwa a jirgin fito da 'yan rufi kaɗan, muka ga manyan komaye da masunta ke saukarwa cikin teku da itace da igiya da duwatsu. Muka shiga majami'ar da aka fara binne Basko da Gama a 1524, kafin a kwashe ƙasusuwansa zuwa ƙasarsu. Idona na gani, amma hankalina ba ya wurin. Muka yi ban kwana da Malam, ya sa mana albarka, muka hau jirgin dare zuwa Cennai, wato Madaras ta dā, a gabar gabas.

A Cennai mun hau tudun da a ke cewa a nan aka kashe Toma a shekara ta 72, matakala fiye da 130. Daga nan muka sauko zuwa majami'ar da aka gina a kan wurin da su ke cewa kabarinsa ne, dab da bakin tekun Marina. Yashin wurin yana da faɗi ƙwarai, sai ka yi tafiya mai nisa kafin ka taɓa ruwa. An hana iyo saboda ƙarfin igiyar ruwa. Wani mai sayar da gasasshiyar masara ya nuna mana inda teku ta hauro ran 26 ga Disamba, 2004, da safiyar Lahadi, ta kwashe masunta da masu shan iska da yara masu wasa. Da na ji haka sai tsoro ya kama ni. Mutanen nan ba su san ba za su koma gida ba. Ni wa ya ba ni tabbacin gobe, da har na ke ɗaga maganar nan?

Na je inda Tela ya ke zaune, na ce, "Abokina, Malam ya gaya mini." Ya dube ni, ya kau da kai, ya ce, "Wannan tsohon bai iya riƙe baki ba." Na ce, "Na yi maka laifi, ka gafarta mini." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, bashin nan gaskiya ne, zan kuwa biya. Abin da na yi a dā ban yi don a rama mini ba, kada ka haɗa su. Ko da ban taɓa yi maka kome ba, bai kamata ka faɗa mini haka a gaban mutane ba. Matata ce ta kwanta, ka kuwa sani."

Maganar nan ta fi ta Malam shiga jikina, gama na zo ne da tunanin cewa laifina shi ne na wulakanta wanda ya taimake ni, ashe laifin ya fi haka. Na kira Likita da Mai Hatsi, na maimaita roƙon gafara a gabansu, tun da a gabansu na yi ɓarnar. Tela ya kama hannuna ya ce ya wuce. Muka yi addu'a a tsaye a cikin yashi. Likita ya ce to, yanzu sai a je a nemo kifi. Muka ci soyayyen kifi a wurin wata mata a bakin ruwa, ni na biya daga aljihuna, ban kuma rubuta ba.

Jirgin ƙasa ya mai da mu Mumbai cikin kusan yini da kwana, muka sauka Abuja ran 2 ga Janairu, 2019, da saura 'yan rufi kaɗan a asusu. Tela ya cika maganarsa, kafin ƙarshen shekarar ya biya naira 70,000 duka, ko da ya ke mun ce ya bari. Muka rasa wanda zai karɓa. A ƙarshe muka miƙa wa dattawan ikilisiya, muka ce a fara asusun biya wa marayu kuɗin jarrabawa, mu huɗu kuma muna ƙara abin da ya sawwaƙa kowace shekara. Malaminmu ya huta a 2021. Na gode wa Allah da muka same shi da rai.

Ga 'yan'uwa masu sha'awar irin wannan tafiya, ga abin da zan ce. Ku yi ta da yardar iyali, ba da bashi ba. Ku nemi wanda kuka sani a ƙasar, gama baƙo ko yana da ido makaho ne. Ku sayi tikitin jirgin ƙasa da wuri, ku yi tafiyar dare domin ku huta da kuɗin ɗaki, ku sha ruwan gora kaɗai, ku guji wuraren shaƙatawa a lokacin biki. Kuɗin da na ambata na 2018 ne, yanzu kome ya ninka. Ku kuma ware ɗan kuɗi da kowa zai kashe yadda ya ga dama ba tare da ya nemi izini ba. Mu ba mu yi haka ba, shi ya sa kifi ɗaya ya kusa raba abota ta shekara talatin. In kuma kun ce kun ɗauke wa ɗan'uwa nauyi, to ku ɗauke har cikin zuciya, kada ku ajiye jan biro a gefe kamar yadda na yi.

Watakila a cikin masu karanta wannan akwai wanda ya faɗa wa ɗan'uwansa ko matarsa magana mai zafi, yana kuma ta cewa ai gaskiya ya faɗa. Ina roƙonka, ɗan'uwa, kada ka jira kwana uku kamar ni. Ka tashi yau ka je wurinsa. Ubangiji ya ba mu zuciya mai tawali'u, ya kuma kiyaye bakinmu. Amin.